Sojojin Zamiya na Ƙasar Norwe: Yadda Katako Biyu Suka Tsare Iyaka

A watan Janairun shekarar 1719, wata rundunar sojan ƙasar Suwidin mai mutum kimanin 5,800 ta kama hanyar komawa gida daga tsakiyar ƙasar Norwe, bayan labari ya iske ta cewa an harbe sarkinta, Karl na 12, a bakin ganuwar Fredriksten. Kwamandan rundunar, Janar Carl Gustaf Armfeldt, ya zaɓi hanyar da ta fi kusa, wato wadda ta ratsa ta kan duwatsun Tydal. Tafiyar ba ta kai kilomita 60 ba, kuma babu abokin gaba ko ɗaya a gabansu. Suna tsakiyar duwatsu sai guguwar dusar ƙanƙara ta taso. Mutane suka riƙa nutsewa a cikin dusa, dawaki suka kasa jan kaya, har ta kai sojoji suna fasa gindin bindigoginsu suna hura wuta da shi. Mutum kimanin 3,000 suka mutu a kan duwatsun, wasu kimanin 700 kuma suka cika bayan sun sauka.

Bayan 'yan kwanaki, wani hafsan sojan Norwe mai suna Jens Henrik Emahusen ya bi sawun rundunar tare da 'yan mutanensa. Sun tarar da gawarwaki ko'ina, da dawaki suna yawo babu mahaya, da masu jan akalar keken kaya a daskare, linzami na hannunsu. Shi da mutanensa sun hau duwatsun nan sun sauko lafiya, domin kowannensu yana tsaye ne a kan dogayen katakai biyu masu zamewa a bisa dusar da ta haɗiye dubban mutane. Wannan maƙala za ta duba su wane ne waɗannan sojoji, da irin tufafinsu, da yadda suke tafiya, da kuma ƙa'idojin kimiyya da ke ƙunshe cikin dabararsu.

Dusar Ƙanƙara da Matsalar Nauyi

Norwe ƙasa ce doguwa siririya a can arewacin Turai, cike da duwatsu da dazuzzuka. Iyakarta da Suwidin ta haura kilomita 1,600, kuma a yankunan da ke kan iyakar dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa wata biyar ko fiye a kowace shekara. Dusar ƙanƙara daban take da ƙanƙarar da kan faɗo tare da ruwan sama kamar tsakuwa. Ita laushi gare ta kamar auduga, kuma sabuwar dusa kusan kashi 90 cikin ɗari na jikinta iska ce zalla. Saboda haka duk wanda ya taka ta sai ƙafarsa ta lume, wani lokaci har gwiwa, wani lokaci har ƙugu. Kowane taku sai mutum ya ɗaga ƙafa sama ya fitar da ita daga rami, kafin ya sake haƙa wani ramin. Ƙaƙƙarfan namiji ma ba ya jimawa a irin wannan tafiya sai ya galabaita.

Dalilin lumewar shi ne abin da ɗaliban kimiyya suka sani da suna matsi, wato yawan nauyin da ya hau kan wani ƙayyadadden faɗin wuri. Alal misali, a ɗauki soja wanda shi da kayansa suka kai kilogiram 90. Faɗin tafin takalminsa guda bai wuce murabba'in santimita 200 ba. Idan yana tafiya, duk nauyin nan yakan koma kan ƙafa ɗaya, ke nan kowane murabba'in santimita yana ɗauke da giram 450. To, a ɗora sojan nan a kan katako mai tsawon santimita 280 da faɗin santimita 7. Faɗin ƙasan katakon ya kusa murabba'in santimita 2,000, saboda haka kowane murabba'in santimita giram 45 kacal zai ɗauka. Nauyin mutumin yana nan yadda yake, amma matsin ya ragu ninki goma, dusar kuma ta iya ɗaukarsa. Wannan ƙa'ida ita ce ta sa faffaɗan tafin raƙumi ke tafiya a kan rairayi inda kofaton doki ke nutsewa.

Asalin Katakon Zamiya

Mutanen Norwe suna rubuta sunan wannan katako ski, amma "shi" suke furta shi. Kalmar ta fito ne daga tsohon harshensu, inda take nufin tsagaggen itace. A nan za a kira shi katakon zamiya. Kayan aiki ne da ya girmi tarihin rubutu a yankin. An tono gutsattsarinsa masu shekara kimanin 8,000 a arewacin Rasha, an kuma sami wasu masu shekara fiye da 5,000 a wata fadama ta Kalvträsk da ke Suwidin a shekarar 1924. A Norwe kanta, narkewar ƙanƙara a kan dutsen Digervarden ta fito da katako guda a 2014, ɗan'uwansa kuma a 2021. Shekarunsu kimanin 1,300 ne, kuma har da igiyoyin ɗaure ƙafa aka same su. Al'ummar Sami, makiyaya da maharban arewa mai nisa, sun shahara ƙwarai wajen amfani da shi tun zamanin da.

Shigarsa cikin harkar yaƙi ma ta daɗe. A lokacin yaƙin basasar Norwe, wajen shekarar 1206, wasu mayaƙa biyu, Torstein Skevla da Skjervald Skrukka, sun goya wani jariri ɗan sarki suka tsallaka duwatsu da shi a tsakiyar hunturu don kada abokan gaba su kashe shi. Jaririn nan shi ne ya zama Sarki Håkon Håkonsson. Ana kiran ƙungiyar mayaƙan Birkebeiner, domin an ce saboda talauci ɓawon wata bishiya mai suna bjørk suke naɗawa a ƙafa. Tun 1932 ake yin tseren tunawa da wannan tafiya, mai nisan kilomita 54 tsakanin Rena da Lillehammer, kuma dole kowane ɗan tsere ya goya jaka mai nauyin kilogiram 3.5 a madadin jaririn.

Kafa Rundunar

A ƙarni na 18 Norwe tana ƙarƙashin sarkin Danmak ne, kuma Suwidin ita ce babbar abokiyar gabar daular. Yaƙe-yaƙen 1716 da 1718 sun nuna wa hafsoshi amfanin 'yan leƙen asiri masu zamiya, waɗanda ke iya zagaya rundunar abokan gaba su ƙirga ta, su dawo da labari kafin ta yi nisa. Emahusen, wanda ya ga abin da ya faru a Tydal da idonsa, shi ne ya rubuta ƙa'idojin horar da irin waɗannan sojoji a shekarar 1733. Da Jamusanci ya rubuta su, domin shi ne harshen ba da umarni a rundunar daular a wancan lokaci, kuma ana ɗaukarsu a matsayin rubutattun ƙa'idojin zamiya na farko da aka sani.

A shekarar 1747 aka tsara rundunar zamiya ta dindindin: kamfani shida, kowanne da mutum ɗari. Uku suna kudu, a yankin dazuzzukan Østerdalen da Solør, uku kuma suna arewa, a yankin Trøndelag. Sojojin manoma ne da masu saran itace da maharba na ƙauyukan kan iyaka. A tsarin ɗaukar soja na Norwe, akan haɗa gonaki kaɗan a ɗora musu nauyin ba da soja guda. Ke nan gwamnati ba ta koya wa waɗannan mutane zamiya ba, domin tun suna yara da ita suke zuwa coci, da ita suke bin sawun namun daji. Abin da soja ya ƙara musu shi ne tsari, wato yadda mutum ɗari za su tafi tare, su juya tare, su yi harbi tare. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, su kuwa hukumomin Danmak da ɗan gari suka tsare shi.

Aikinsu ya haɗa da sintiri a kan iyaka, da kai saƙo, da leƙen asiri, da kai farmaki ta gefe ko ta bayan abokan gaba. Abinci da albarushi kuwa a kan ƙananan kekunan katako marasa ƙafa ake ɗora su, sojoji su ja su a bisa dusa.

A shekarar 1767, Janar Schack Carl Rantzau ya ware kyaututtuka don gasa iri huɗu a tsakanin sojojin. Ta farko ita ce harbin abin saiti daga nisan taku 40 zuwa 50 alhali mutum yana gangarowa da gudu. Ta biyu, gangara a tsakanin itatuwa ba tare da an faɗi ko an karya katako ba. Ta uku, sauka daga tudu mai tsananin gangara ba tare da dogara da sanda ba. Ta huɗu kuma tsere ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da cikakken kaya da bindiga, kimanin kilomita biyu da rabi cikin minti 15. Idan aka lissafa, gudun kilomita 10 ke nan a awa guda, wato kusan ninki biyu na tafiyar mutum a kan busasshiyar hanya, a wurin da sojan ƙasa ke fama da taku ɗaya-ɗaya.

Dogo da Gajere

Abin da zai fi ba mai kallo na yau mamaki shi ne katakan sojojin ba tsawonsu ɗaya ba. A yankunan kan iyaka, akan ɗaura dogon katako siriri a ƙafa ɗaya, galibi ta hagu, wanda tsawonsa kan kai mita biyu da rabi zuwa uku. Ƙasansa a goge yake sumul, da ɗan kwari da aka fafe a tsakiya daga gaba zuwa baya. A ɗaya ƙafar kuma akan ɗaura gajere mai ɗan faɗi, wanda ake kira andor, an lulluɓe ƙasansa da fata mai gashi, ko dai ta wata dabbar teku da suke kira sel, ko kuma ta ƙafar wata ƙatuwar dabbar daji dangin barewa mai suna elg.

Wannan bambanci amsa ce ga wata matsala ta gogayya, wato ƙarfin da ke hana abu biyu da suka haɗu zamewa a kan juna. Mai zamiya yana bukatar abu biyu masu karo da juna. Yana son gogayya kaɗan don ya zame gaba, yana kuma son gogayya mai yawa don ya sami abin da zai tokara ya tura jikinsa. Idan katakan biyu duk sumul suke, duk lokacin da ya yunƙura sai ƙafarsa ta sulale baya. Manoman Norwe sai suka raba aikin gida biyu: ƙafa ɗaya ta tura, ɗaya ta zame.

Sirrin fatar yana cikin yadda gashi ke kwanciya. Duk wanda ya taɓa shafa bayan akuya ya san cewa daga kai zuwa wutsiya hannu yakan wuce sumul, amma daga wutsiya zuwa kai sai gashin ya miƙe ya tare hannun. Akan manna fatar ne yadda gashin zai kwanta ya fuskanci baya. Idan katakon ya yi gaba sai gashin ya kwanta, idan kuma ya nemi komawa baya sai dubban gashi su miƙe su cake cikin dusa. Ta haka soja ke bugun ƙasa da gajeren katako sau ɗaya ko sau biyu, sa'an nan ya mayar da nauyinsa kan dogon ya yi ta zamewa, kamar dai yaron da ya ɗora ƙafa ɗaya a kan allo mai taya yana tura ƙasa da ɗayar. Kwarin da ke ƙasan dogon katako kuwa yakan matse dusa ta zama ɗan siririn tudu a ƙarƙashinsa, wanda ke hana shi kaucewa gefe.

Amma me ya sa itace ke zamewa a kan dusa tun da farko? Masana biyu na Jami'ar Kambirij, Frank Bowden da T. P. Hughes, sun yi gwaje-gwaje a kan duwatsun Suwizalan suka wallafa sakamakon a 1939. Sun nuna cewa zafin da gogayya ke haifarwa yakan narkar da saman ƙwayoyin dusar, ya samar da ɗan siririn ruwa da ke aiki kamar man inji. Wannan ne ya sa idan sanyi ya yi tsanani ƙwarai, ruwan ba ya samuwa sosai, sai dusar ta riƙa jan katako kamar yashi. Idan kuma gari ya ɗan yi ɗumi, ruwan yakan yi yawa, dusa ta manne a jikin itacen ta zama curi. Tun kafin a san wannan bayani, mutanen karkara sukan shafa wa ƙasan katako kwaltar da suke tatsa daga itacen furu, wani lokaci da kitse, don kada itacen ya sha ruwa.

Sanda Ɗaya, Juyi da Harbi

Sojojin wancan zamani sanda ɗaya suke riƙewa, doguwa kuma mai ƙarfi. Da ita ake tura jiki a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da ita ake daidaita tsayuwa, kuma a gangara akan jingina da ita a ja ta cikin dusa ta zama birki. Shi ya sa gasar Rantzau ta uku ta hana dogara da sanda, domin wanda ya sauko ba tare da ita ba shi ne gwani na gaske. Sanda ɗaya tana da wani amfani kuma, tana barin hannu guda ga bindiga.

Igiyar ɗaure ƙafa ba ta da wani ƙarfi sosai. Galibi madauki ne na fata ko na murɗaɗɗen reshe wanda ake zura kan takalmi a ciki, wani lokaci da wata igiyar da ke zagaya dunduniya. Saboda haka juya katako mai tsawon mita uku a cikin gudu abu ne mai wuya, sai dai a riƙa ɗaga ƙafa ana sauya alkibla kaɗan-kaɗan. Juyawa baya a tsaye ma sai da koyo: mutum ya ɗaga katako ɗaya tsaye, ya karkata shi ya fuskanci baya, ya ajiye, sa'an nan ya zagayo da ɗayan. Abin da sojan ƙasa ke yi da dunduniya cikin ƙiftawar ido, sojan zamiya sai ya yi shi daki-daki, kuma idan sahu ya matsu katakai sukan harɗe. Wannan ne ya sa ƙa'idojin horo suka zama dole. Hawan tudu kuwa, in gangarar ba ta yi tsanani ba fatar andor takan riƙe, in ta yi tsanani sai a juya gefe a riƙa hawa kamar ana taka matakala.

Bindigarsu dangin bindigar toka ce ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki. Ɗura ta da yatsun da sanyi ya ƙage, a tsaye a kan abin da ke zamewa, bayan gudu ya sa zuciya na bugawa da sauri, gwaninta ce ta musamman. Haka kuma dole a kare albarushi daga danshi, domin jiƙaƙƙen albarushi ba ya kamawa.

Tufafin Sojan Zamiya

Sojojin ƙasa na daular Danmak da Norwe a ƙarni na 18 jajayen riguna masu dogon baya suke sawa, da faffaɗar hula mai kusurwa uku. Irin wannan shiga ta dace da fagen fama inda ake jeruwa sahu-sahu, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, kowa yana bukatar gane nasa daga nesa. A cikin daji kuwa doguwar riga takan ja dusa ta jiƙe, faffaɗar hula kuma reshe ya fizge ta. Saboda haka shigar sojan zamiya ta karkata ga gajeriyar riga wadda ba ta hana ƙafa motsi, da wando mai kama jiki, da hular da ke zama daram a kai. Zuwa zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, launin tufafin sojoji masu saurin kai farmaki, har da na zamiya, ya koma kore da toka-toka, waɗanda suka fi sajewa da daji. Bayan da jiragen ruwan Ingila suka datse hanyoyin teku daga 1807, yadi da hatsi suka yi ƙaranci a Norwe, sojoji da yawa suka dogara da kakkauran saƙin ulu na gida da ake kira vadmel.

Ulu ya dace da wannan aiki saboda dalili na kimiyya. Tufa ba ta ƙirƙirar zafi, jiki ne ke samar da shi, aikin tufa shi ne hana shi tserewa. Zaren ulu a lanƙwashe yake, yana tsare iska a tsakaninsa, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar zafi. Ruwa yana janye zafi fiye da iska kimanin ninki 25. Ke nan babban haɗari ga mai zamiya shi ne guminsa. Idan ya yi gudu ya jiƙe, sa'an nan ya tsaya gadi, jiƙaƙƙiyar rigar takan zuƙe masa zafi da sauri. Ulu yana iya shan danshi mai yawa a cikin zarensa amma ya ci gaba da tsare iska, abin da auduga ba ta iyawa. Iska mai kaɗawa kuma takan share ɗan ɗumin da ke kewaye da fata. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar ya sauka ƙasa da 35 sai tunani ya fara rikicewa, gaɓoɓi su daina biyayya. Abin da ya sami rundunar Armfeldt ke nan, wadda ta shiga Norwe tun watan Agusta, tufafinta suka yage kafin hunturu ya kankama.

Ƙafa da hannu su ne sanyi ke fara ci, domin jiki yakan rage jinin da ke zuwa gare su don ya kare zuciya da ƙwaƙwalwa. Takalmi mai matsewa yakan ƙara tsananta wannan. Mutanen Sami sun warware matsalar da takalmin fata mai laushi da yalwa, wanda ake cusa wa busasshiyar ciyawa a ciki don ta tsare iska ta kuma sha gumi. Bakin takalmin a lanƙwashe yake sama, yadda madaukin katako ba zai zame ya fita ba.

Yaƙin Trangen da Rushe Rundunar

Babbar jarrabawar rundunar ta zo ne a 1808, lokacin da yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin daular da Suwidin. A ranar 25 ga Afrilu, Kanar Carl Pontus Gahn ya shigo yankin Solør da sojojin Suwidin, ya bi hanyar da ke gefen kogin Flisa har zuwa wani matsatsi tsakanin tuddai biyu da ake kira Trangen. Har a lokacin dusa tana da zurfi a cikin daji, saboda haka sojojinsa ba su da zaɓi sai bin hanya. Sojojin Norwe a ƙarƙashin Kanar Bernhard Ditlef von Staffeldt suka tare gabansu, wasu suka ɓullo ta baya, masu zamiya kuma suka bi ta cikin itatuwa suka rufe gefe. Gahn ya miƙa wuya tare da mutum fiye da 400. A shekarar nan dai wani matashin hafsa mai suna Olaf Rye ya yi tsallen mita 9.5 a kan katakon zamiya a gaban sojoji a Eidsberg, tsalle na farko da aka auna aka rubuta.

A 1814 Danmak ta rasa Norwe, aka haɗa ƙasar da Suwidin a ƙarƙashin sarki ɗaya, haɗin da ya ɗore har 1905. Da abokin gaba ya zama abokin zama, sai bukatar tsaron iyakar ta ragu, aka rushe rundunar zamiya a 1826.

Abin da Ya Biyo Baya

Dabarar ba ta mutu ba, farar hula ne suka karɓe ta. A 1861 aka kafa ƙungiyar harbi da zamiya a Trysil, a kan iyaka, da nufin shirya matasa don tsaron ƙasa. A 1868 wani talakan manomi daga Morgedal a lardin Telemark, Sondre Norheim, ya ba mutanen babban birni mamaki da katakai biyu masu tsawo ɗaya, masu ɗan siririn ƙugu, da igiya mai ƙarfi ta murɗaɗɗen saiwa da ke riƙe dunduniya. Da su ya iya yanke kwana cikin gudu. Tsallaka tsibirin Girinlan da Fridtjof Nansen ya yi da abokan tafiya biyar a 1888, biyu daga cikinsu 'yan Sami, ya sa rundunonin ƙasashen Turai suka mai da hankali ga zamiya. Sannu a hankali katakai masu tsawo ɗaya da sanda biyu suka maye gurbin tsohon tsari.

Farar tufar ɓad-da-kama, wadda yau ake danganta ta da sojan zamiya, a ƙarni na 20 ta yaɗu, bayan da bindigogi masu cin dogon zango da albarushi marar hayaƙi suka sa ɓuya ta zama dole. A watan Fabrairun 1943, lokacin da Jamus ke mamaye da Norwe, wasu sojojin Norwe da aka horar a Birtaniya suka sauka da laima a tudun Hardangervidda. Manufarsu ita ce masana'antar Vemork, inda ake tace ruwa mai nauyi, wato ruwan da haidirojin ɗinsa ke ɗauke da ƙarin niyutiron, wanda Jamusawa ke bukata a bincikensu na nukiliya. A daren 27 ga wata, mutum tara ƙarƙashin Joachim Rønneberg suka ajiye katakansu da fararen tufafinsu, suka sauka cikin wani kwazazzabo mai zurfi suka hau ta ɗaya gefen, suka fasa na'urorin ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Kakin sojan Birtaniya suka sa a lokacin harin, don kada Jamusawa su huce a kan mutanen gari. Biyar daga cikinsu suka zame kusan kilomita 400 har Suwidin, ta cikin dazuzzukan da kakanninsu suka yi sintiri.

Kammalawa

Gasar Rantzau ta farko da ta huɗu su ne kakannin wasan da ke haɗa tsere da harbi, wanda ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a 1960. Masu hawan duwatsu har yanzu suna manna wa katakansu wani yadi mai gashi da aka yi da gashin akuyar Angora ko da nailan, wanda ke aiki daidai da fatar andor. Makarantar koyar da yaƙin hunturu ta sojan Norwe kuma tana Elverum, a yankin da kamfanonin kudu na 1747 suka fito.

Malami na iya nuna wa ɗalibai ƙa'idojin nan uku ba tare da dusar ƙanƙara ba. A cika faranti da lallausan gari, a ɗora bulo a tsaye sa'an nan a kwance, a auna zurfin ramin da kowanne ya bari. A ja guntun fatar akuya a kan bargo ta gaba da ta baya, a ji bambancin. A naɗe kwalabe biyu na ruwan ɗumi, ɗaya da busasshen tsumma ɗaya da jiƙaƙƙe, a ajiye su a iska, a auna zafinsu bayan rabin awa. Manoman Østerdalen da suka fafe dogon katako suka manna wa gajere fata ba su san kalmar matsi ko gogayya ba, amma sun daɗe suna lura da ƙasarsu, suna gwadawa, suna gyarawa. Lissafin da masana suka yi daga baya ya tabbatar da cewa abin da suka gano daidai ne.